Zoben Tagulla a Motar Suruki

Duk wanda ya san bayan tashar Daura ya san rumfar Kalilu bakanike. Ko ido bai nuna maka ba hanci zai kai ka, don warin man giya da kananzir ke tarbar mutum tun daga bakin kwata. Kalilu ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya, giyabos kawai ya sani. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa buhu ba a gaya masa inda zai sauke ba. Matan unguwa sun ce tun yana saurayi haka yake, uwarsa ma wai a gajiye ta haife shi.

To, a shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da bakin kowa ya iya cewa "algus" da "haƙƙi", har mai tallar gyaɗa in aka harari gwangwaninta sai ta ce a je gaban alƙali, a lokacin ne motar Malam Dabo ta tasa Kalilu a gaba.

Malam Dabo surukinsa ne, uban matarsa Ummukulsum. Tsohon direba ne, yana jigila tsakanin Daura da Kongolam da wata Fijo ruwan toka wadda ta ga jiya ta ga yau. Ba a taɓa jin ya buge ko akuya ba, kuma in ka manta da hakan zai tuna maka kafin ku kai Mai'aduwa. Sai ga shi tun daminar bara motar ta koyi wata mummunar ɗabi'a. In zai saka giya ta biyu ko ta uku sai ka ji ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa, fasinja su hau salati. Kalilu ya sauke giyabos ɗin ya gyara, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mota ta yi 'yan watanni lafiya, ta koma gidan jiya.

Ran nan ma ga ta kan jak, ga hanjinta a baje cikin faranti. Kalilu na zaune kan tsohuwar taya yana wanke zobba da kananzir.

Wanda bai sani ba, cikin giyabos akwai wasu zobba na tagulla, kanikawa na ce musu sinkoro. Kowanne yana zaune a wuyan giyarsa kamar murfi a bakin tulu. Aikinsa shiga tsakani ne: ya riƙe giyar da ke gudu ya lallashe ta, ta daidaita da 'yar'uwarta kafin haƙoransu su shiga juna. In zoben ya cinye babu mai lallashi, sai haƙora su haɗu da faɗa. Ƙarar da fasinja ke wa salati ke nan.

Kalilu ya ɗauki zoben giya ta biyu ya ɗora a wuyanta, ya danna da tafin hannu ya murɗa. Zobe mai rai kamawa yake, ya ƙi juyawa sai ka ɓamɓare shi. Wannan kuwa sai sulɓi yake kamar munduwa a hannun ramammiya. Ya ɗaga su saitin haske ya duba tsakani. Sabon zobe ba ya zama har ƙasa, yana barin 'yar rata da siririn ƙarfen awo zai shiga. Nan ko gashi ba zai shiga ba, zoben ya zauna daɓas. Ya juya cikinsa ya bi da farce. Zanen nan sirara da ke share mai su damƙi ƙarfe duk sun shafe. Haƙoran waje kuma, da ya kamata su yi tsini kamar kan jinka, sun dulmushe kamar bakin tsohuwar da sai an daka mata goro.

Duk wannan bai ba shi mamaki ba. Wuyan giyar ya tsura wa ido. Ƙarfe ne mai tauri, amma ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ya sha zafi, ƙananan haƙoranta kuma sun ɓantale a baki. Jabun zobe shi kaɗai yake mutuwa, ya bar giya da kyawunta. Wannan an tilasta masa ne ya yi kokawa da ƙarfin inji gaba ɗaya, kuma hakan ba ta faruwa sai in kuloci bai saki ba. Kulocin kuwa Kalilu ya sake shi sabo a wancan zuwan, ya taka da ƙafarsa ya ji lafiya lau. In kuloci lafiya, me ya rage in ba ƙafar da ke taka shi ba?

Ya kuma gani da idonsa ranar Juma'a. Malam Dabo zai tashi daga sujada sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya jawo ƙafar hagu kamar ta aro. Ya waiga ko wani ya gani, Kalilu ya yi maza ya duƙar da kai.

"Oga Kalilu, sannu da aiki. Ko in ce sannu da neman lada, tunda motar suruki ce."

Damian ne, mai shagon kayan mota na tsallaken titi, wanda duk zobban nan daga wajensa suka fito. Ɗan Ibo ne, ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari karin magana. Da aka fara zancen shari'a 'yan'uwansa da dama sun ɗaure kaya sun tafi, shi ya ce furar Daura ta riƙe masa ƙafa. Yau dai babu dariya a idonsa, a baki kawai take.

Dalili kuwa, Malam Dabo ya kai ƙararsa wajen Zailani, shugaban direbobin tasha, cewa jabun kaya yake sayar wa Musulmi. An sa zama ranar Alhamis bayan la'asar. In aka yanke algus ne, babu direban da zai sake taka ƙofar shagonsa, wataƙila ma maganar ta wuce gaban alƙali. Shaida ɗaya ake jira, shi ne wanda ya buɗe giyabos.

Damian ya tsuguna ya ɗauki zoben, ya juya shi, ya dubi wuyan giyar.

"Ni ba bakanike ba ne, amma da abin nan na aurar da ƙannena. Wannan ba mutuwar Allah da Annabi ya yi ba. Kashe shi aka yi."

"Na sani."

"To madalla. Ranar Alhamis sai ka faɗa."

"In ce me?" Kalilu ya goge hannu da tsumma. "In miƙe a gaban 'yan kamasho in ce uban matata ƙafarsa ta gaza? Mutumin da ko sunansa ban taɓa kamawa ba?"

"Ni surukina in ya yi shirme gaya masa nake. Ya zage ni, in kai masa zakara, magana ta mutu."

"Ku ke nan."

"Ku kuma kunya ta kashe ku, ta haɗa da ni da ban ci ba ban sha ba." Damian ya ajiye zoben a hankali. "Oga, ban ce ka yi mini alfarma ba. Abin da ƙarfe ya gaya maka kawai za ka faɗa. 'Ya'yana a garin nan aka yanke musu cibiya, ina zan kai su?"

Ya tsallaka titi ya koma shagonsa. Kalilu ya bi shi da kallo, ya ji wuyansa ya yi nauyi kamar shi ne aka ɗora wa giyabos.

Da yamma ya gwada ta wajen matarsa. Lissafinsa shi ne Ummukulsum ta gaya wa innarta, innar ta san yadda za ta shigar wa mijinta. Ya same ta a tsakar gida tana kaɗa miya.

"Wai ni kam, Baba lafiyarsa lau kuwa?"

"Lafiyarsa garau. Me ka gani?"

"Ƙafar nan tasa ta hagu."

Maburgi ya tsaya a hannunta. Sai da ta leƙa ta kan katanga, don maƙwabciyarsu Talatu kunnenta ya fi na zomo, sannan ta rage murya.

"Kullum asuba Inna na gasa masa gwiwar da ruwan zafi, ta shafa man shanu. Ya rantse in maganar ta fita daga ɗakin, ita ma ta bi ta."

"To ke ki..."

"Ni? Malam, ka manta ni ce 'yar fari? Tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, 'yarinyar nan' yake cewa ga ni da jikoki a hanya. In muka haɗu a zaure bango yake kallo, ni ma bango nake kallo. Da wane bakin zan ce masa ya tsufa?"

"Za a kori bawan Allah daga kasuwarsa a kan ƙarya."

"Ka raba Baba da motar nan ka ga in zai kai kaka." Ta ci gaba da kaɗa miya da ƙarfi har tana fallatsa. "Ni dai kada ka kunyata mini uba a tasha. In ka yi, ka nemi mai tuƙa maka tuwo."

Ya ci tuwon a ranar, amma da za a tambaye shi miyar mece ce da bai sani ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya haɗa giyabos. Ya karɓo sababbin zobba a wajen Damian. Kowanne sai da ya ɗora shi a wuyansa ya murɗa ya ji ya damƙe, ya zura ƙarfen awo ya ga rata na nan. Giya ta biyu da ta ƙone ya musanya da 'yar Kwatano mai sauran rai. Ya ɗaure, ya zuba mai, ya mayar cikin mota. Yana yi yana sanin cewa aikin baban giwa ne, kamar mai shara a gindin bishiyar da ke zubar da ganye.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Dabo ya zo ɗaukar motarsa. Yana tafe a miƙe kamar soja, sai wanda ya sani zai lura da yadda yake cije leɓe. Kalilu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. An gama?"

"Saura ɗan gwaji, Baba. Da za a taimaka a shiga a taka kuloci, in duba ta baya."

Wannan ba baƙon abu ba ne, kowane direba ya saba taka wa bakanike kuloci. Malam Dabo ya shiga ya zauna. Tayar baya ta ɓangaren direba na ɗage kan jak, inji a kashe. Kalilu ya ce a taka a saka giya ta huɗu, a ci gaba da riƙewa. Duk tsohon direba ya san gwajin: in kuloci ya saki, tayar da ke sama za ta juya da hannu. In bai saki ba, inji ne zai riƙe ta.

Kalilu ya kama taya ya murɗa. Ta motsa kaɗan ta cije.

"A taka, Baba."

"Na taka."

Ya sake murɗawa har jijiyar wuyansa ta fito, motar ta girgiza kan jak.

"A ɗan ƙara, Baba."

"Na ce na taka! Kurma ne kai?"

Ta madubin gefe idon tsohon na kan tayar. Daga inda Kalilu yake yana jin kujera na kaɗawa, ƙafa ce ke rawa. Ya saki tayar ya miƙe, kansa a ƙasa.

"Wataƙila hannuna ne da mai, Baba, yana zamewa. Da za a zo a murɗa, ni in taka."

Malam Dabo ya fito, ya zagayo yana huci, ya naɗe hannun riga. Kalilu ya shiga, ya taka kuloci har ya ji ya taɓa ƙasa. Tsohon ya kama taya da hannu biyu ya yunƙura da niyyar kokawa, sai ta tafi salin-alin, har ya kusa kifawa. Ya tsayar da ita. Ya sake turawa da hannu ɗaya, ta tafi.

Can tasha ana ta kiran "Kano ɗaya! Kano ɗaya!" Kalilu bai waiga ba, bai ɗaga ƙafa ba, sitiyari kawai yake kallo, har cinyarsa ta fara tsami. Ya ji tsohon ya je wajen farantin tsofaffin kaya, ya ji ƙarar tagulla a kan ƙarfe. Mutumin da ya yi shekaru a kan hanya ba sai an karanta masa shuɗin wuyan giya ba.

Da Malam Dabo ya yi magana, da katangar kwano ya yi ta.

"Kujerar nan ta ja baya. A matso da ita."

"To, Baba."

"Abin takawar nan ma ya yi nisa. Masu ƙera motar nan dogaye ne, ba su san da mu ba."

"Haka ne, Baba. Akwai guntun katako, sai a ɗaura a kai."

"A ɗaura."

Ya juya ya tafi. Wannan karon bai miƙe kamar soja ba.

Bayan la'asar aka hallara gindin dalbejiyar ofishin direbobi. Zailani na kan kujerar roba. Mutum ne mai tumbi, wanda tun da aka fara shari'a ya tsayar da gemu ya koyi buɗe kowace magana da Larabci, ko da maganar lodin awaki ce. Masu baki sun ce Larabcin bai wuce layi biyu ba, juya su yake kamar waina. Direbobi sun zauna, 'yan kamasho sun tsaya a baya, mai shayi ma ya bar tukunyarsa. Damian na gefe cikin rigarsa ta zuwa coci. Kalilu ya raɓe a ƙarshen benci da farantin zobba a cinya.

Zailani bai gama Larabcinsa ba Malam Dabo ya ɗaga hannu.

"Shugaba, a dakata. Na janye ƙarata. Kayan yaron nan ba su da aibu. Na ɗora masa abin da bai yi ba, a gaban jama'a, to a gaban jama'a nake neman ya yafe mini."

Damian ya rusuna. "Baba, ba komai. Wallahi ba komai."

"Ka ji shi da wallahi," in ji wani daga baya, aka yi dariya.

Da an tashi a nan da kowa ya huta. Amma Zailani ya sa rana, ya sa an share wuri, ga shi ko hukunci bai yanke ba.

"To Baba, mun ji. Amma mota dai tana cin zobe kamar ƙuli-ƙuli, duk tasha shaida ce. In kaya lafiya, laifin na wa?"

Malam Dabo ya dubi ƙasa. Zailani ya juya wajen Kalilu.

"Kalilu, kai ka buɗe ta. Ka ji tsoron Allah, me ka gani?"

Kalilu ya miƙe da farantinsa. Duk ido ya dawo kansa. Ga wuyan giya mai shuɗi a hannunsa, ɗagawa kawai zai yi, rabin mutanen wurin za su gane. Ya hango ƙeyar surukinsa, furfura ta leƙo ta ƙarƙashin hula.

"Zobban masu kyau ne, Shugaba. Na auna su kafin in saka, na auna bayan na cire. Ba jabu ba ne."

"Sauran fa?"

"Sauran, mota daga hannuna take fita, hannuna take dawowa. Tsakanina da ita ne."

"Ashe hannun ne ya tsufa," in ji wani ɗan kamasho, bai ko rage murya ba.

Damian ya yunƙura zai yi magana. Kalilu ya dube shi, kallo ɗaya, ya girgiza kai. Damian ya koma ya zauna yana tsaki ƙasa-ƙasa. Zailani ya yi wa Kalilu nasiha mai tsawo a kan riƙon amanar sana'a, ya rufe da Larabcin da ya buɗe da shi, aka shafa fatiha.

Magana ba ta kwana a tasha. Kafin magariba Talatu ta leƙo ta katanga tana yi wa Ummukulsum jajen "abin da ya sami maigidanki". Shagon Damian ya ci gaba da cika. Rumfar Kalilu kuwa ta fara shan iska. Zailani da kansa ya ja motarsa ya kai wa wani sabon bakanike a Sandamu, wasu suka bi sahu. Waɗanda suka rage tsofaffin abokai ne, su ma in yana aiki sai su tsaya a kansa suna leƙe, abin da ba su taɓa yi ba.

Ran nan aka aiko da zabi biyu daga gidan Malam Dabo, ƙafafu a ɗaure, babu saƙo. Ummukulsum ta soya su da kanta, ta zuba masa duka har da wuya da ƙundu, ta zauna nesa tana yi masa fifita, abin da rabonta da yi tun suna amare.

Da safe yana zaune kan tayarsa, babu ko mota ɗaya a rumfar, sai ga Fijo ruwan toka ta fito daga tasha da lodin Kongolam, buhuna har kan rufi. Malam Dabo ya matso gaba har ƙirjinsa na neman taɓa sitiyari. Kalilu ya karkata kai ya kasa kunne. Giya ta ɗaya ta ja. Ta biyu ta shiga da ɗan gurnani, kaɗan dai, fasinja ba za su ji ba. Shi ya ji.

Ya tashi da ƙyar ya tsallaka titi.

"Damian, zoben ta biyu da ta uku. Ka ajiye mini, zuwa bayan damina."

Damian bai ɗago daga kwalin da yake kwancewa ba. Ya nuna saman kanta da haɓa.

"Suna can tun ranar Juma'a. Zauna, Oga, ka ga benci nan."

Kalilu ya zauna.